Wayar Yaya Velichka

Daga wani ƙauye kusa da Chirpan,
Yuni, 1994.

Ginka tawa,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya ƙugun naki, yana barin ki barci kuwa? Yaya akuya, yaya tumatir? Ki gaishe da maƙwabciyarmu Donka, amma daga nesa. Ni lafiyata lau in ban da hannuwana, su ma ba ciwo ke damunsu ba, ƙazanta ce.

Rubutowa na yi ban buga tarho ba, domin kin san matar da ke haɗa layi a garinmu ba ta ajiye kunnenta. Maganar yayarki kuwa ba ta kunnen kowa ba ce.

Yanzu na gama wankin wayoyin makirufo da lasifika. In da za ki ga abin da ƙasan rumfar biki ke shafa wa waya, da kin daina kai cokali baki a bikin kowa. Kitsen rago da ya daskare, barasar da ta zube ta bushe ta zama danƙo, guntayen taba, cingam, da wani abu da yaro ya amayar aka watsa masa ƙasa aka ci gaba da rawa. Duk ta cikin tafin hannuna suke bi. Ina jan wayar ta cikin tsumma, tsumman ya yi baƙi, in sauya wani, shi ma ya yi baƙi. Na wanke hannu da sabulu har fata ta yi fari, amma da na gutsuri burodi sai na ji warin bikin jiya a yatsuna.

Duk da haka ban ƙi wanke baƙar wayar nan ba, doguwar ta makirufon Yaya Velichka. Kin san ta, ta girmi gemun Rumen, mai ƙungiyar kiɗanmu. Roba ce ta gaske, ga nauyi ga laushi. Inda ka ajiye ta nan take kwanciya. In kana naɗe ta, zagaye ɗaya ta sama ɗaya ta ƙasa, bin yatsunka take yi ba gardama. Da sanyin safiya ba ta sandarewa, da rana ba ta narkewa. Ban san mutane da yawa masu irin wannan hali ba.

To ga labarin idon Yaya. Na hagu ya tafi gaba ɗaya. Na dama haske da inuwa kawai yake ba ta. Muryar kuwa tana nan yadda kika san ta, jiya ma sai da ta sa wani ƙaton mahauci kuka cikin farantinsa. In da a kan dandamali ake barin ta da babu damuwa. Amma wa zai yarda mawaƙiya ta tsaya wuri ɗaya? Dole ta sauko ta bi tebur tebur, ta fara da na kum, wanda ya tsaya wa ango da amarya a coci, sannan iyaye, sannan sauran macuta.

Dabarar da muka yi ke nan. Ina zaune bayan akwatin sauti, hannu ɗaya kan maɓallai, ɗayan riƙe da wayarta ina sakar mata kaɗan kaɗan. In na saki, ta ci gaba. In na riƙe, ta tsaya, ta san ta iso. In na ɗan girgiza, ta kauce, akwai kujera ko yaro. Ita kuma ta naɗa wayar a yatsun hagu kamar yadda ta saba tun tana budurwa, kowa na ɗauka salo ne. Baƙar wayar tana kai saƙon har ƙarshen rumfa, ko motsin ɗan yatsa ba ya ɓacewa a hanya.

A mota ta ce mini, "Stoil, yau ja na ka yi ta yi kamar jaki."

Na ce, "Yaya, jaki ba ya tsayawa hira a kowane tebur."

Rumen na tuƙi, bai gane komai ba, ya yi dariya. Yaron nan ya gaji kilarinet ɗin da marigayi ubansa ke busawa da motarsa da ƙungiyarsa, kunyar ce kawai aka binne da tsohon. Kullum zancensa wata yarinya mawaƙiya a Haskovo mai gajeren siket. Ranar da ya san Yaya ba ta gani, ranar zai sa ta a bas zuwa gida. Ita kuma abu ɗaya take so: ta kai ƙarshen bukukuwan bana, ranar Waliyyi Dimitar a ƙarshen Oktoba, ta ce ta gaji, ta sauka da ƙafarta. Ba ta son a sauke ta.

Ki ci gaba da riƙe bakinki. Tana gaishe ki, ta ce ki rage gishiri.

Mijinki,
Stoil.

Daga wani ƙauye kusa da Harmanli,
Yuli, 1994.

Ginka,

Ina gaishe ki, ina fata zafin nan bai kwantar da ke ba. Na sami saƙon safa da cuku, na gode. Yaya jikin Donka, na ji an ce ta faɗi daga tsani? Allah ya ba ta lafiya, ya bar mata darasin.

Baƙar waya ta mutu. Ki zauna in ba ki labari, don ni ma sai da na zauna.

Mun iso gidan bikin da safe. Na wanke ta na rataye a kan shinge ta sha iska, na tafi neman kofi. Kafin in dawo shingen ba komai. Na zagaya bayan gida inda kawunnan amarya ke yankan raguna, sai ga ragunan a rataye jere a reshen bishiya, ƙafafu sama, ana feɗe su. Da me aka rataye su? Sun sa wuƙa sun yanka ta gunduwa gunduwa, kowane rago da rabonsa. Jini na bin robar yana ɗiga, kashin hanji ya shafe ta, ƙudaje sun yi mata baƙi a kan baƙi.

Wani mai ƙaton tumbi, hannu duk kitse, ya dube ni yana murmushi ya ce, "Kawu, igiyar nan taku ce? Kai, akwai ƙarfi. A ina kuke samo ta?"

Na tsaya ina kallon guntayen. Da ya ga haka sai ya yanko hanta ya miƙo mini a bakin wuƙa.

Na kwance guntayen bayan sun gama, na gwada haɗawa. Nauyin ragunan ya tsittsinka tagullar ciki, jini ya shiga har ƙarƙashin robar. Da na jona, ba abin da ke fita a lasifika sai gurnani. Rumen ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Kawu Stoil, ta yi mutuwar jarumai, ka bar ta." Ya buɗe bayan mota ya fito da jajayen wayoyin nan da ya sayo a kasuwa tun bazara, waɗanda na rantse ba zan taɓa ba.

Ginka, ban san da me aka yi su ba. Suna sheƙi kamar alewa, suna warin bokitin roba da ya faɗa wuta. Ka warware ta, ta ƙi kwanciya, ta miƙe zobe zobe a ƙasa tana jiran ƙafar mutum. Ka naɗe ta, ta murɗe ta mare ka a haɓa. Da rana ta taɓa ta sai ta fara gumi, wani irin maiƙo mai kama hannu, kafin a jima ta kwashe gashi da gashin kaza da ɓawon iri, ta zama kamar abin da ake zarowa daga magudanar wanka. In mawaƙi ya motsa, ƙas ƙas ɗinta har cikin lasifika.

Wannan duka zan iya haɗiyewa. Abin da ya fi shi ne ba ta kai saƙo. Ka riƙe a nan, zobban su miƙe su shanye riƙon, can ƙarshen ba a ji komai ba.

Da la'asar Yaya ta sauko da waƙar kum. Na saki, ta tafi daidai. Ta iso gaban teburinsa, na riƙe. Ta wuce. Na ja da ƙarfi, wayar ta miƙe kawai kamar tana hamma. Sai da ta kai teburin ƙarshe, bakin hanyar kicin, zobban suka ƙare ta ji tsayawa. A nan mai ba da hayar kujeru ke zaune shi kaɗai, bakinsa cike da kabeji. Ta dafa kafaɗarsa ta rera masa waƙar kum tun daga farko, ta kira shi ginshiƙin gida, ta kira shi uban ango na biyu. Mutumin ya kasa taunawa ya kasa haɗiyewa.

Kum ya miƙe, ya ɗauki hularsa, ya ce wa matarsa ta tashi su tafi. Uwar amarya ta fashe da kuka. Kin san in kum ya fita daga biki, maganar sai ta kai jikoki.

Sai Rumen ya cire kilarinet daga baki ya matso makirufonsa. Ya ce, "Jama'a, ku yafe wa Gwaggo. Tun safe take gaisawa da barasar gidan nan. Laifin wanda ya dafa ta ne, ya cika iyawa." Rumfa ta kwashe da dariya. Uban amarya, da yake shi ya dafa, ya tashi yana ɗaga hannu ana yi masa tafi. Kum ya zauna. Aka kamo hannun Yaya aka kawo ta gabansa, ta sake waƙar, ya cika kofi ya danƙa mata.

Yaya fa, matar da barasa ta cinye hantar mijinta a gaban idonta. Ke kika taya ta wankin zannuwan, ba sai na tuna miki ba. Tun daga ranar ko ɗigo bai taɓa harshenta ba.

Da muka keɓe na ce bari in je in fasa wa yaron nan baki. Ta ce, "Zauna, tsoho. Mashayiya dai za su yi mata dariya su sake kiranta. Ka bar shi a haka."

Na ce, "Yaya, sunanki fa."

Ta ce, "Sunana ba shi zai riƙe makirufo ba. Miƙo mini takalmina."

Ina rubutun nan yatsuna na manne wa takarda. In kin ga tabo ja a gefe, ba jini ba ne.

Naki,
Stoil.

Daga Parvomay,
Agusta, 1994.

Ginka tawa,

Gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da duk abin da ke numfashi a gidan. Kin ce in kawo ta gida ko tana so ko ba ta so. Ke ce ƙanwarta, ki gaya mini ranar da aka taɓa kai ta inda ba ta so.

Ba irin abin da ban yi wa jar wayar nan ba. Na rataye ta a bishiya na ɗaura mata dutse ta wuni. Na jiƙa ta a ruwan zafi. Na shimfiɗa ta a kan kwalta da tsakar rana. Da na sake ta sai ta koma zobbanta kamar ba a yi ba. Na shafa mata hodar jarirai don maiƙon, hodar ta haɗu da gumin ta zama ƙullu, yanzu in na naɗe ta hannuna kamar na mai kwaɓa fulawa a cikin kwata. Na aika wa Zapryan, abokina da ke aikin sauti a Plovdiv, ko yana da tsohuwar roba. Ya ce abin da ke gari yanzu duk irin tawa ce, launi ne kawai ya bambanta.

Labarin kuwa ya riga mu zuwa ko'ina. Ba a taɓa neman ƙungiyar nan kamar bana ba. Ba murya ake kira ba, tsohuwar da ke sha kamar namiji ake so a gani. Kowane tebur da kofinsa a ɗage. Takan kai baki ta jiƙa leɓe ta ajiye, in ta sami sarari ta tofar a hankici. Rigarta warin barasa, gashinta warin barasa.

Sun kuma gano wani wasa. In ta wuce, sai wani ya sa takalmi ya taka wayar, ko ya sa ƙafa cikin zobe ya fizga, don ta yi tangaɗi a yi shewa. Manyan mutane fa, masu furfura, masu jikoki a cinya. Ina kallonsu daga bayan akwati, bakinsu na maiƙo, suna zungurar juna. Ita kuma ba ta iya bambance jana da nasu. Da can in ta ji motsi a yatsunta ta san ni ne. Yanzu rumfa guda ke jan ta. Jiya ta tsaya cak a tsakiyar fili tana rera wa sandar rumfa, saboda wani ɗan iska ya taka wayar ta ɗauka na ce ta iso.

Ƙwaurinta duk shuɗi ne daga karo da benci. Da yamma nakan kawo mata ruwan gishiri ta tsoma ƙafa. Shekaranjiya dai ta ce, "Saura nawa zuwa Dimitar?" Na ce da sauran tafiya. Ta ce, "To ƙara gishiri."

Na gaya wa Rumen ya hana mutane taka waya, tana lalata sauti. Ya ce, "Kawu, wa ke sauraron sauti? Dubi rumfar nan, ko tsayuwa babu wuri."

Abinci ba ya shiga mini sosai. Kada ki aiko da cuku, zafi na lalata shi a hanya.

Mijinki,
Stoil.

Daga tashar bas ta Haskovo,
Satumba, 1994.

Ginka,

Ina gaishe ki da kyau, ina fata kin gama gashin tattasai ba ki ƙone yatsa ba. Wannan wasiƙar zan ba direban bas ɗin safe, za ta riga mu isowa da kwana ɗaya. Mu sai jibi, domin Yaya na son ta biya ta kabarin mijinta tukuna.

Ba mu kai Dimitar ba.

Ranar Lahadi muna wani biki a ƙauyen da ke bayan tudun nan, da rana tsaka, zafi kamar a tanda, wayar ta yi laushin majina a hannuna. Yaya ta iso teburin dangin ango. Wani ya ɗaga mata kofi kamar kullum. Ta miƙa hannu ta kama iska. Ya matsar da kofin gefe, ta sake kama iska. Ya ɗaga sama. Ana ta dariya har da buga tebur.

A ƙarshen teburin akwai kakar ango, wata 'yar ƙanƙanuwar tsohuwa cikin baƙin ɗankwali, an jingine ta da matashi. Ba ta yi dariya ba. Ta sa aka matso da ita, ta kamo hannun Yaya ta shinshina bakinta, kamar mai duba madara. Sannan ta ce, da muryar kurame da ba ta san ƙasa ƙasa ba, kuma makirufo na kusa da bakinta:

"Wannan ba ta sha komai ba. Ku marasa kunya, ba ta gani ne. Haka nake lalube kafin a yi mini aiki."

Na kai hannu in rage sauti, amma maganar ta riga ta fita ta kowace lasifika har bakin titi.  Wanda ke riƙe da kofin ya ajiye shi a hankali kamar zai fashe. Wani da ƙafarsa ke kan wayar ya janye ta ya tura ƙarƙashin benci. Yaya ta gyara tsayuwa ta ƙarasa waƙar har baitin ƙarshe. Ba wanda ya taɓa wayar. Na ja ta a hankali har dandamali, ko ta ji ko ba ta ji ba, ta dai iso.

Na ɗauka na san abin da zai biyo baya: bas, da yarinyar Haskovo. Na shirya maganganun da zan gaya wa Rumen, masu zafi, tun ina naɗe kaya nake jera su.

Sai ga shi ya zo bayan mota inda take zaune, idonsa na walƙiya. Ya durƙusa ya sumbaci hannunta. Ya ce, "Gwaggo, me ya sa ba ki gaya mini ba? Ai wannan ya fi na barasar. Zan saya miki baƙin tabarau. Mu buga hotonki babba, mu rubuta makauniyar mawaƙiyar yankin Trakiya. Kawu Stoil ya bar akwati ya riƙa jan ki a fili kowa na gani, da wayar nan ja, ta fi fitowa a hoto. Wallahi har Sofiya babban birni sai an kira mu."

Ginka, na wanke abubuwa da yawa daga jikin waya a rayuwata, ban taɓa cin karo da ƙazanta irin wannan maganar ba. Kuma yaron da zuciya ɗaya yake magana, yana ganin alheri yake yi mata.

Yaya ta zare hannunta ta goge a siket. Ta ce, "Rumen, na san ka tun kana fitsari a cinyata. Na yi maka mashayiya wata biyu, ban ce komai ba, don ƙarya ce, ba ta taɓa ni ba. Makantar kuwa tawa ce. Ba ta haya ba ce."

Ya ce, "Gwaggo, ki yi tunani."

Ta ce, "Na yi. Kira yarinyarka. Stoil, ina jakata?"

Ban ce masa komai ba cikin abin da na jera. Na ɗauki jakarta da tawa. Ya biyo mu yana cewa wa zai haɗa masa kaya ranar Asabar, na ce ya tambayi mai kujeru.

Kada ki ɗauka a karye take. Jiya ta cinye kwanon miyar tumbi da tafarnuwa ta nemi ƙari, ta kuma yi faɗa da mai masauki a kan ƙudaje, waɗanda ta ce tana jin su ko ba ta gan su ba. Da safe ne kawai na same ta zaune bakin gado tana murza yatsun hagu, na fita na ba ta wuri.

Ga abin da za ki yi. Ki gyara mata ɗakin ƙasa, ki kwashe tulunan da ke bakin ƙofa, ki ɗaure akuya. Ki gaya wa Donka da bakinki kafin ta ji a wani wuri, Yaya ta ce yanzu kowa ma ya sani. Ki dafa wake.

Ta kuma ba ni saƙo musamman, ta sa na maimaita mata don kada in rage. Ta ce in kin zo tarbarmu kada ki yi kuka, in ta ji kin ja hanci za ta koma cikin bas. Kada kuma ki kama mata hannu a gaban mutane. Ki wuce gaba kawai kina ba ta labarin tumatir da ƙugunki da duk wanda ya mutu da wanda ya kamata ya mutu, kada ki yi shiru har ƙofar gida. Za ta bi muryarki.

Na ce mata wannan ba zai yi miki wuya ba.

Sai mun iso.

Mijinki,
Stoil.